Waiwaye: Layi Kaɗan, Masu Buƙata Da Yawa

A 1996, lokacin da aka rubuta ƙa'idar HTTP/1.0, al'adar intanet ita ce kowace buƙata da nata layin. In shafi yana da hotuna goma, kwamfuta za ta ƙulla layi da sabar sau goma sha ɗaya, tana karɓar abin da ta nema ta tsinke shi. Ƙulla layin nan kuwa ba a banza yake ba. Sai an yi gaisuwar TCP, saƙo ya je ya dawo. In layin na sirri ne, TLS 1.2 ta ƙara zuwa da dawowa biyu kafin a faɗi abin da ke tafe da mutum.

Wanda ke zaune kusa da sabar bai san ana yi ba. Amma a Kiyeshe, can ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, rezo yana hawa yana sauka, sabar kuma galibi tana Faransa ko Amurka. Nijar ba ta da teku, dole saƙo ya ratsa maƙwabta kafin ya hau wayar ƙarƙashin ruwa. A ce kowane zuwa da dawowa sulusin daƙiƙa ne: daƙiƙa guda ta tafi a gaisuwa kawai.

A 1997 HTTP/1.1 ta zo da gyara, aka bar layi a buɗe don a sake amfani da shi. Sai wata matsalar ta taso. Manhaja takan saki zaren aiki da yawa lokaci guda, wannan yana jawo hoto, wancan yana tura kuɗi, kuma biyu ba sa hawa layi ɗaya tare, amsoshinsu za su cakuɗe. Dabarar da aka tsaya a kai duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya mai zurfi a Arewa ya san ta: ba kowace mai ɗiba ke zuwa da sabuwar igiya ba, wasaki biyu ko uku ne ke zagayawa, wadda ta gama ta miƙa wa ta baya. Haka manhaja ke tara layuka a rumbu, zare ya ara, ya gama, ya mayar.

Rigimar tana wajen adadi. Ƙa'idar da aka sabunta a 1999 ta ce kada a wuce layi biyu ga sabar ɗaya. Masu burauza suka yi kunnen ƙashi suka kai shida, a 2014 aka cire iyakar daga rubutu. Amma biyun nan ta maƙale a Apache HttpClient 4, inda saitin asali biyu ne ga kowace sabar, ashirin gaba ɗaya. Mai rubuta manhaja ya saki zare hamsin yana murna, alhali arba'in da takwas suna layin jira. Requests na Python kuwa goma yake ajiyewa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mai aro bai mayar ba. A karanta amsa a manta ba a rufe ta ba, layuka su ƙare ɗaya bayan ɗaya, manhaja ta sandare. Ɗan kasuwa yana tsaye da waya a hannu yana tsine wa rezo, alhali laifin yana cikin manhajar.

HTTP/2 ta 2015 ta bari buƙatu da yawa su bi layi ɗaya, an samu sauƙi. Sai dai wanda ke ƙirƙiro sabon kilayan, wato sabon rumbu, ga kowace buƙata ya koma 1996 da ƙafarsa.

'Yan'uwa masu rubuta manhaja a Yamai da Kano, ku duba saitin rumbunku, ku sa iyakar lokacin jira, sannan ku gwada aikin a wayar da ke Kiyeshe kafin ku ce ya kammala.