Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare

A wannan mako za mu ƙetare teku zuwa Amurka, inda ake wani wasa mai suna besbol. Mutum guda ke jefa ƙwallo, abokin hamayya na tsaye da sanda yana ƙoƙarin doke ta. Zagaye tara ake yi. Idan ƙungiya tana gaba da ƴar rata kaɗan a zagaye na ƙarshe, sai a sauke mai jifa, a kira wani ya rufe wasan. Aikinsa na ƴan mintoci ne, amma in ya yi sake, wahalar awa uku ta tashi a banza.

A wannan aiki ba a taɓa yin kamar Mariano Rivera ba. An haife shi a ƙasar Panama a 1969, ya tashi a Puerto Caimito, ƙauyen masunta, har ya yi su a jirgin mahaifinsa. A 1990 ƙungiyar Yankees ta birnin New York ta ɗauke shi a kan dalar Amurka 2500. Da ya shiga babbar gasa a 1995, shi ke buɗe jifa, kuma bai yi abin a zo a gani ba. Sai aka mayar da shi mai karɓar wanda ya gaji, a 1997 aka danƙa masa rufe wasa.

A shekarar ne ya gano wani salon jifa: ƙwallo ta taho a miƙe, dab da isowa sai ta kauce. Kusan da shi kaɗai ya ci abinci har ya ajiye wasa. Kowa ya san abin da zai jefo, amma sanduna sai karyewa suke a hannun masu duka. Sau 652 ya tsare wa ƙungiyarsa nasara, adadin da babu wanda ya kai, kuma sau 5 suka ɗauki babban kofi tare da shi.

Shi ma ya sha ɗaci. A 2001, a karon ƙarshe na neman kofi da ƙungiyar Arizona, a hannunsa nasara ta kuɓuce. A 2012 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, yana ɗan shekara 42. Bai yarda ya fita da ɗingishi ba: ya dawo a 2013, ya cika shekarar, sannan ya yi ban kwana. A 2019 ƴan jarida 425 suka jefa ƙuri'ar shigar da shi zauren gwanayen besbol, ko ɗaya bai ƙi ba. Shi ne na farko da ya sami haka.

Mun saba yi wa mai aza harsashi guɗa, mu manta da mai ɗora rufi. Ɗan kasuwar da ya sayar bai karɓo kuɗinsa ba, da ma'aikacin da ya buɗe takarda bai kai ta ga sa hannu ba, su dubi wannan ɗan masunci. Aikin da wasu suka fara yake ƙarasawa, kuma da shi ya yi suna.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.