Digiri na biyu: Makin da ba a rubutawa a takardar shaida shi ke yanke makomar ɗalibi

A unguwanni irin su Runjin Sambo da ke birnin Sakkwato, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da dama na komawa aji domin neman digiri na biyu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato kafin a sauya mata suna a 1988. Mafi yawansu sun san sharuɗɗan shiga: digiri na farko mai daraja ta biyu ko difloma ta gaba da digiri, tare da takardar hidimar ƙasa. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne sharuɗɗan fita, da yadda ake auna sakamakon ƙarshe.

A tsarin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta shimfiɗa, makin cin jarrabawa a wannan mataki shi ne 50 cikin 100. Wanda ya sami 70 zuwa sama ya ci A, mai nauyin maki 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, mai nauyin 4. Daga 50 zuwa 59 kuwa C, mai nauyin 3. Duk abin da ya gaza 50 faɗuwa ce, sai an sake kwas ɗin. Bayan kwasa-kwasai sai kundin bincike, wanda ɗalibi zai kare a gaban malaman sashensa, sannan a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a, ya yi gyare-gyaren da aka nema, kafin majalisar malaman jami'a ta amince da sakamako.

A Ingila ana raba digiri na biyu gida uku bisa maki 50 da 60 da 70, a kuma rubuta darajar a jikin takarda. A yawancin jami'o'in Najeriya ba a yin haka, shi ya sa ɗalibai ke ɗauka cewa kowa ya haye ya haye. Sai dai matsakaicin makin, wato CGPA, yana nan a takardar bayanin sakamako, kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓar mai neman digirin digirgir sai ya kai 3.5 cikin 5. Lissafin a fili yake: wanda ya ci C a duk kwasa-kwasansa zai tashi da 3.0, ya kammala, amma ƙofar gaba ta rufe masa. Idan ba shi da A ko ɗaya, kafin ya kai 3.5 sai aƙalla rabin nauyin kwasa-kwasan ya zama B. Ke nan ma'aikacin da ke tashi daga ofis a gajiye yana neman 50 kawai a zangon farko, ya riga ya yanke wa kansa hukuncin da ba zai gani ba sai bayan shekaru.

Akwai kuma bambanci tsakanin digirin bincike, irin su M.Sc. da M.A., da digirin sana'a irin su MBA da MPA, waɗanda suka fi jan hankalin ma'aikata saboda ana yin darussansu a ƙarshen mako. Digirin sana'a yana da amfani a ofis da kasuwa, amma jami'o'i da dama ba sa karɓar sa kai tsaye domin digirin digirgir. Wanda ke da niyyar koyarwa ya kamata ya san haka kafin ya biya kuɗin rajista.

Matsala ta uku ita ce lokaci. Karatun da aka tsara a kammala cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu yakan ja, galibi a matakin kundi, inda malami ɗaya ke duba ayyukan ɗalibai da yawa. Yajin aikin ƙungiyar ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 kuma ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Hutun ƙaro ilimi da ma'aikata ke samu yana da wa'adi, kuma kowace sabuwar shekarar karatu sai an sake biyan kuɗi. A 2025 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin NERD na tattara kundayen bincike a rumbu ɗaya na ƙasa, abin da zai sa satar aikin wani ta yi wuyar ɓoyewa.

Gyaran bai fi ƙarfin jami'o'i ba. Makarantun gaba da digiri za su iya ba kowane ɗalibi rubutattun ƙa'idojin kammalawa tun ranar rajista, su fitar da sakamakon kowane zango kafin a shiga na gaba, su kuma ƙayyade makonnin da babi zai yi a hannun mai dubawa. Shi kuwa ɗalibi, kafin ya cike fom, ya nemi amsar tambayoyi uku daga sashen: wane irin digiri ne, wane matsakaicin maki ake buƙata domin ci gaba, kuma zango nawa ne iyakar zamansa kafin a soke rajistarsa.