Manhajar Arewa ta koyi jira

A Kore Mairuwa, bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dogondutsi, mai shagon tura kuɗi yakan danna "aika" sai rezo ya ɗauke. Allon waya na ta juyawa, mai kuɗi na tsaye, jaka ashirin ɗinsa ba a san inda suka kwana ba. A sake dannawa, wataƙila a tura sau biyu. A bari, wataƙila ba su tafi ba.

Ana ɗora laifin ga rezo, amma wanda ya rubuta manhajar yana da kasonsa. Duk aikin da amsarsa ba ta zuwa nan take, shi ke tsara yadda za a jira ta.

Salon jiran ya daɗe yana sauyawa. A JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995, tsohuwar dabara ita ce a bar wa aiki umarnin da zai kira idan ya gama. A kan haka Ryan Dahl ya gina Node.js a 2009. Matsalarta, idan ayyuka suka shiga cikin juna, wannan na jiran wancan, rubutun kan cuɗe har kuskure ya sulale ba wanda ya lura. A 2015 aka shigar da Promise, alkawarin da ke cikin ɗayan hali uku: ana jira, ya cika, ko ya karye. A 2017 async da await suka iso, jira ya koma layi bayan layi.

Masu koyo kan yi ta gardamar wanne ya fi, alhali manhajar gaske da dukkansu take cin karo. Wani kamfanin shi zai kira sabarka idan biya ya kammala, wani sai ka riƙa komawa kana tambaya, wani kuwa saƙon waya kawai zai turo. Tsarin MoMo na MTN, wanda ake aiki da shi a Ghana da Uganda, ya isa misali: idan aka nemi ya karɓi kuɗi, lambar 202 yake mayarwa, wato buƙata ta shiga, biya kuwa tukuna. Kowace buƙata kuma da lambar shaidarta. Aikin mai rubutu ya tattara waɗannan salo su bi ƙofa guda, kamar yadda util.promisify na Node.js ke mayar da tsohuwar dabara alkawari tun 2017.

Abin da ya fi muhimmanci ga Arewa, wato yankin Dogondutsi, shi ne await ba shi da wa'adi na kansa. Dole a sa masa. Idan wa'adin ya cika kuma, kada manhaja ta rubuta "ya gaza", domin shiru bai nuna kuɗin ba su tafi ba. Ta ce ana jira, ta adana lambar shaidar buƙatar, ta sake tambaya da ita idan rezo ya dawo. ODK da KoboToolbox, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ke cike fom da su a ƙauyuka, sun daɗe suna ajiye bayani cikin waya har a samu hanyar turawa.

Matashin da ke rubuta manhajar biyan kuɗi ko ta cinikin wake da gero a Yamai, kafin ya sake ta, ya kai ta Dankasari ko Dumega, ya danna "aika", ya kashe data a tsakiyar aiki, ya duba abin da allon zai gaya wa mai shago.