Ɗan adon ɗinki da duwatsu: aikin hannu na zaman hutu

Hutu ya zo, yara sun cika gida, kowa ido a waya. Yau ga wani ƙaramin aikin hannu da za ki iya zama ki yi da 'yan matanki, wato ɗinkin gicciye da ake ƙawata shi da ƙananan duwatsun ado. A Amurka da Ingila galibi a bishiyar Kirsimeti ake rataye irin wannan ado, har wani kamfani mai suna Mill Hill ya yi suna wajen sayar da kayan haɗinsa a ƙunshe. Mu kuwa sai mu yi shi don maƙalin makulli, ko jakar makaranta, ko tsarabar biki.

Kayan ba su da yawa. Akwai ƙyalle mai ramuka da ake kira Aida. Nemi mai ramuka 14 a kowane inci, yana da sauƙin gani. Zane mai ɗinki 35 tsawo da 35 faɗi zai ba ki ado mai inci biyu da rabi, daidai tafin hannun yaro. Zaren ado yana zuwa da sili 6, ki zare 2 ki yi aiki da su. Allura biyu za ki tanada: mai dakusasshen baki don ɗinki, da siririya wadda za ta ratsa ramin dutse. Masu sayar da kayan tela da duwatsu a manyan kasuwanni irin su Balogun ta Legas su ne wurin tambaya.

Ki gama ɗinkin zare kaf kafin ki taɓa dutse, in ba haka ba zaren zai riƙa sarƙewa. Kowane dutse da rabin gicciye ake ɗaure shi: allura ta fito daga ƙasan hagu, ta ɗauki dutse, ta shiga saman dama. Kada ki sauya hannu a tsakiya. Nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki, duwatsu su kwanta wannan gabas wancan yamma, hasken ya watse. In kin gama, ki manna ɗan kwali ko ƙyalle mai kauri a baya, ki sa madauki.

Sai dai ki ji wannan da kyau. Duwatsun nan ba su kai ƙwayar dawa ba, kuma yaron da bai kai shekara 3 ba duk abin da ya tsinta baki yake kai shi, ko hanci, ko kunne. Ki zuba su a faranti mai zurfi, ki yi aikin a kan tire, ki share wurin da kin tashi. In dutse ya shiga hancin yaro mai wayo, ki toshe ɗaya ƙofar ya fyace a hankali. In bai fito ba, ko kuma kunne ya shiga, kada ki sa tsinke ko ashana ko auduga, ƙara tura shi ciki za ki yi. Ku tafi asibiti a ranar. Majina mai wari daga ƙofar hanci ɗaya kawai alama ce ta wani abu ya maƙale, ko da yaron bai faɗa ba.

Da rana za ku zauna, kusa da taga, ba da fitilar waya ba. Kowane minti 20 ku ɗaga kai ku dubi nesa, ku miƙe wuya.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake zana fure a takarda mai gida-gida kafin a kai shi kan ƙyalle.