Kiɗan Da Injinsa Ya Riga Shi Mutuwa

Duk ɗalibin ilimin harshe ya san wannan darasi tun shekararsa ta farko: idan aka rubuta kalmar "kuka" a allo, ba mai iya cewa ko zubar da hawaye ake nufi ko itaciyar da ake miya da ganyenta, sai an furta ta ko an sa ta cikin jimla. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Muna karanta shi daidai ne saboda harshen yana raye a bakinmu, kunne yana cike giɓin da alƙalami ya bari. Na kawo wannan misali don in yi magana a kan wani fanni da ke nesa da ajinmu, amma ciwonsa irin namu ne: kiɗan gwaji na zamani, wanda ake tsara wa kayan kiɗan hannu tare da na'urar da ke sarrafa sautinsu nan take.

Ga yadda abin yake. Makaɗi yana busa sarewa ko yana goga tsirkiya a gaban jama'a. Makirfo yana ɗaukar sautin, ya miƙa wa na'ura, ita kuma ta jinkirta shi, ko ta ɗaga muryarsa, ko ta tace shi, ko ta riɓanya shi, sannan ta watsa shi ta lasifikoki da aka jera kewaye da zauren. Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da ake kiɗan. Bambancinsa da kiɗan da ake bin faifai ke nan: faifai ba ya jiran kowa, ita kuwa wannan na'ura makaɗin take saurare.

Wannan salo ya bunƙasa sosai a Turai. A 1964 Bajamushe Karlheinz Stockhausen ya tsara Mikrophonie I, inda mutum shida ke aiki a kan babban faifan ƙarfe guda: biyu suna bugunsa da gogarsa, biyu suna yawo da makirfo a jikinsa, biyu suna zaune suna tace abin da ke fitowa. A 1977 aka buɗe cibiyar binciken kiɗa da sauti ta IRCAM a Paris ƙarƙashin jagorancin Pierre Boulez. A can ne Giuseppe Di Giugno, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya ƙera kwamfutar 4X, wadda a shekarun 1980 ta riƙa sarrafa sautin Répons na Boulez, aikin da aka fara kaɗawa a 1981, mai makaɗa 24 a tsakiyar zaure da wasu 6 a kewaye da masu sauraro. A 1987 Philippe Manoury ya fito da Jupiter, inda kwamfuta ke bin mai sarewa sawu da ƙafa, ta gane inda ya kai a takardar kiɗa, ta amsa masa.

To, ina 4X take yau? Ta zama kayan tarihi. Kaɗan aka ƙera, an daina aiki da ita tun da daɗewa. Injin da ya gaje ta shi ma ya tsufa ya kau. Goge irin na Turawa da aka sassaƙa a Italiya shekaru 300 da suka wuce har yanzu ana kiɗa da shi, amma manhajar da aka rubuta shekaru 20 baya sau da yawa kwamfutar yau ba ta ko buɗe ta. Kowane sauyi yana tilasta a sake gina ɓangaren na'ura na aikin daga tushe. Manyan ayyuka sun tsira saboda suna da cibiya mai kuɗi da ma'aikata a bayansu. Miller Puckette, wanda ya ƙirƙiro manhajar Max da kuma Pure Data da ake samu kyauta tun 1996, shi da kansa ya ɗauki nauyin sake gina wasu daga cikinsu, har da Jupiter. Aikin matashin da ba shi da cibiya kuwa, ranar da kwamfutarsa ta mutu, rabin kiɗansa ya bi ta.

Ra'ayina shi ne, mai tsara irin wannan kiɗa bai gama aikinsa ba sai ya rubuta, da kalmomi da alƙaluman da kowane ƙwararre zai fahimta, abin da ya kamata kunne ya ji. Ya faɗi tsawon jinkirin da ake so da daƙiƙa, ya faɗi matakin da za a ɗaga murya, ya faɗi lasifikar da sauti zai fara fitowa da wadda zai ƙare a kanta, ya faɗi wanda ya kamata ya rinjayi wani tsakanin makaɗi da na'ura. Wanda ya miƙa takardar sarewa tare da fayil ɗin manhaja kawai, ya ce ya kammala, ya rubuta "kuka" ne ya dogara cewa mai furta ta zai dawwama.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. Stockhausen ya siffanta sautukan Mikrophonie I da kalmomi irin su nishi da ruri da tsawa, ya bar wa makaɗa su nemo abin da zai fitar da su. Anthèmes II na Boulez, na mai goge ɗaya da na'ura, wanda aka fara kaɗawa a 1997, ya zo da littafin bayani da Andrew Gerzso ya shirya, inda aka zayyana kowane aikin na'ura ba tare da an ɗaure shi ga inji guda ba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa kowane inji yana da muryarsa, kamar yadda kalangun wani ba ya amo irin na wani. Idan aka sake gina aikin da sabuwar manhaja, tsattsauran amon tsohon inji ya tafi, alhali wataƙila shi ne abin da mai tsarawa ya so. Suna ƙara da cewa akwai ilimin da takarda ba ta ɗauka: mutumin da ke zaune gaban na'ura yana ƙara murya ko rage ta gwargwadon girman zaure da numfashin makaɗi, shi ma makaɗi ne, kuma hannunsa ba ya rubutuwa.

Na yarda da su cewa rubutu shi kaɗai bai isa ba, kuma mu a Nijar muna da shaida. Biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar na yankin Tafkin Cadi, ya kusa ɓacewa, sai da marigayi Malam Maman Barka ya je ya zauna wurin Bukar Tar ya koya hannu da hannu. Ba takardar da za ta iya ba shi abin da ya samu a wannan zama. Sai dai biram itace ne da fata. Muddin akwai masassaƙi da ɗalibi, ana iya tada shi. Kwamfutar da kamfani ya daina ƙerawa ba ta da masassaƙi a ƙauye. Saboda haka hujjar masu ja tana ƙara wa mai tsara kiɗa nauyi ne: bayan bayanin rubutu, ya ajiye sautin da aka naɗa kafin na'ura ta taɓa shi da bayan ta taɓa shi, ya kuma horar da wanda zai gaji kujerar gaban na'ura, ya sa sunansa a takardar kiɗa kamar sauran makaɗa.

Ƴan uwa ɗalibai, mu ma muna fita ƙauyuka da na'urar naɗar murya, muna tara tatsuniya da kirari a wayoyi da kwamfutoci, muna barin su babu kwafi a rubuce, babu alamar karin sauti, babu bayanin wanda ya faɗa da inda ya faɗa. Duk wanda ya taɓa neman fayil ɗin wani da ya kammala shekaru goma baya ya san yadda neman ke ƙarewa. Masu tsara kiɗa na Paris sun koyi wannan darasi da tsada, bayan injinansu sun mutu a hannunsu. Gara mu koya daga gare su tun namu na numfashi.