Tsimin Karas Da Maganar Dundumi

Zuwa ga Edita,

Wannan mako kuma ina roƙon fili kaɗan in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna magana a kan karas.

Kowa ya sani in sanyi ya shigo, masu lambu na Zariya da Jos su kan cika kasuwa da shi har ya yi kwantai, a zuba wa awaki. Lokacinsa na wucewa kuwa sai ya yi tsada. Abin takaici shi ne, jan nan da ke jikinsa, wanda likitoci ke kira karotin, shi jiki ke mayarwa bitamin A, rashin wannan bitamin kuwa shi ke kawo wa yara da mata masu ciki dundumi.

Mutanen Masar sun daɗe da gane dabarar tsima shi cikin ruwan gishiri da khal, su na kiransa turshi. Mutanen Indiya kuma da mai da yaji su ke tsima nasu. Mu da muka iya daddawa da kindirmo, me zai hana mu?

A wanke shi, a kankare, a yanka siri-siri cikin kwalba mai tsabta. A narka gishiri giram 30, kimanin babban cokali biyu, cikin lita guda ta ruwan da aka tafasa ya huce. A zuba har ya sha kansa, a danne, kada ko guda ya taso. Kafin mako ya zagayo ya yi tsami da kansa, tsamin nan kuwa shi ke hana shi ruɓewa. Daga nan sai wuri mai sanyi. Wanda ya yi wari ko funfuna, a zubar, kada rowa ta ja wa mutum ciwon ciki.

Karotin ba ya narkewa cikin ruwa, saboda haka yawancinsa na nan. Amma jiki ba ya ɗaukarsa sosai sai da maiƙo. Ni a ganina, ba inda ya fi dacewa kamar kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko shinkafa da wake da man gyaɗa. Mai hawan jini ya ɗauraye shi tukuna, ya ci kaɗan, don gishirin.

Kada dai a zarce gona da iri. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu (1939-1945) an baza labari a Ingila wai cin karas ke sa matuƙan jiragensu gani da dare, alhali na'urar rada ce su ke ɓoyewa. Mai dundumi zai amfana, amma mai lafiyar ido ba zai zama mujiya ba.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu.