Ba a Sarki Biyu Zamani Ɗaya: Gardamar Montana da Young a Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani wasan ƙwallo wanda ya sha bamban da ƙwallon ƙafa da aka saba gani a Nijar. Ƙwallon nasu mai siffar ƙwai ne, da hannu ake ɗaukarsa, da hannu ake jefa shi. Cikin ƴan wasa 11 na kowane gefe akwai guda wanda suke kira kwatabak, watau madugun ƴan hari. Shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane farmaki, shi ke zaɓen wanda zai jefa wa. Wurin nan na mutum ɗaya ne, shi ya sa duk sa'ad da ƙungiya ta mallaki gwanaye biyu sai gardama ta tashi tsakanin magoya bayanta.

Wadda ta fi shahara ita ce ta ƙungiyar 49ers ta birnin San Faransisko. Joe Montana ya riga ya ciwo mata kofin Super Bowl sau 2 kafin a yi masa aikin tiyata a baya cikin 1986. Ganin haka, mai horad da su, Bill Walsh, ya ɗauko Steve Young daga ƙungiyar Tampa Bay a 1987. Young bahago ne, mai saurin gudu, kuma Montana ya girme shi da shekara 5. A watan Janairu na 1988, cikin wasan da Minnesota ta doke su 36 da 24, Walsh ya zaunad da Montana ya sa Young. Daga ranar nan jama'ar birnin suka rabu biyu.

Mutanen Montana suka ce wanda ya gina gida ba a korarsa daga zaure. Ya kuwa ƙara musu hujja, don ya sake ciwo kofin a Janairu na 1989 da na 1990. Mutanen Young suka ce jiki ba ya daɗewa a wannan wasa, kuma ajiye gwani a benci shekara 4 hasara ce. Su ma lokaci ya gaskata su: ciwon gwiwar hannu ya hana Montana wasa duk shekarar 1991 da kusan dukan 1992, Young ya hau wurinsa, har aka zaɓe shi gwarzon ƴan wasa na 1992.

In an duba da kyau, kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na farko suna biyan bashin jiya, na biyu suna tanadin gobe. Abin da ya tsawaita rigimar shi ne jinkirin shugabanni wajen yanke magana. A watan Afrilu na 1993, da suka ga fushin jama'a, har suka yi wa Montana tayin mayar masa da wurinsa, alhali Young na kan ganiyarsa. Montana ya ƙi, ya koma ƙungiyar Chiefs ta birnin Kansas.

A Satumba na 1994 suka kara, Montana ya ci 24 da 17, masu gardama suka ƙara samun abin faɗi. Amma ranar 29 ga Janairu 1995 Young ya kai 49ers ga kofi na 5, suka lallasa San Diego 49 da 26, shi kuwa ya yi jifa 6 da suka kai ga ci. Cikin Afrilu na shekarar Montana ya bar wasa.

Ƙungiyar ta ci ribar tanadin magaji tun mai gida na da ƙarfi, amma ba ta iya sallamar dattijonta cikin daɗin rai ba. Duk shugaban da ya ajiye magaji, wajibi ne ya sanad da mutanen biyu ranar miƙa ragama, tun jama'a ba su yanke masa hukunci daga wurin kallo ba.